Watan Da Ɗalhatu Ya Gani

Ɗalhatu tela ne a Gagarawa Tasha, amma ba ɗinki ne ya yi masa suna ba. Tun yana saurayi shi ke fara hango jinjirin wata, ya nuna, mutane su bi yatsansa su gani. Da tafiya ta yi tafiya sai aka daina bin yatsan. In ya ce ya gani, liman ya karɓi shaida ya aika gaba, shi ke nan.

Abin da bai faɗa wa kowa ba, bana matarsa Safara'u ke zura masa zare a allura.

Ran ashirin da tara ga azumi, ana idar da magariba aka fito bayan gari.

"Baba Ɗalhatu, a taimaka a gano mana shi, wallahi mun yi laushi," in ji Bilal ɗan acaɓa. Aka kwashe da dariya.

Ya ɗaga kai yamma. Ga shi kuwa, siriri, ya ɗan kishingiɗa, daidai inda ya kamata. Yatsansa ya fara tashi. Sai idon ya yi masa yaji, ya runtse. Watan bai tafi ba. Yana nan fes a cikin duhun idonsa.

Ya buɗe idon. Tun yaushe ke nan? Har bara? Ido ne ke kai wa zuciya labari, ko ita ce ta gaji da jira ta zana abin da take so? Me ma take so, sallah, ko dai ta ji liman ya ambaci sunansa a gaban jama'a?

Liman Hussaini ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Malam Ɗalhatu, azumin mutane yana bakinka. Ka gan shi?"

"Allah gafarta malam, duba saitin yatsana. Me ka gani?"

Liman ya daɗe yana kallo. "Ni ban ga komai ba. Amma ai kai ne mai ido. In ka ce, na karɓa."

Ɗalhatu ya sauke hannu.

"Ba ni da shaida bana."

"Haba Baba!" in ji Bilal. "To gobe ma mu ne da ƙishirwa."

Aka watse ana gunaguni, ba wanda ya jira shi. Wataƙila ma watan na can da gaske. Wanda zai tambaya ne babu, don duk garin shi ake tambaya.