Ƙwan Zabuwa a Akurkin Iya

Ranar Talata ƙanwata Zinatu ta bugo min waya daga Lajawa. Ta gaishe ni, ta gaida yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ko an yi ruwa a Wudil, sannan ta faɗi abin da ke ranta. Wai in ba ta ƙaramar 'yata Hanifa ta yaye min. Shekarar Zinatu goma sha ɗaya da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ni kuwa 'ya'yana biyar, ga ciki na shida ya shiga tun Hanifa ba ta cika wata goma sha biyar ba. Kuma ni da ita duk mun san yaye a danginmu: a ce yaro zai yi sati biyu, sai ka ga ya shekara goma. Na ce zan yi shawara. Ta ce za ta shigo ranar Juma'a a motar kasuwa.

Na ajiye wayar na zauna bakin murhu, tuwo yana ta ƙauri ban motsa ba. Wallahi gajiya ce ta zaunar da ni, ba tunani ba. Amma da hayaƙin ya taɓa idona sai ga Iya ta faɗo min a rai.

Iya kakata ce, mahaifiyar Ummanmu. Ni ce 'yar fari, aka kai ni wurinta Achika yaye, ban dawo gidanmu ba sai da na shekara tara. Tsohuwa ce 'yar firit mai faɗa kamar me, ba ta kiran sunana sai dai ta ce "'Yar yaye". Da damina, in an idar da sallar magariba an ci tuwo, takan zauna a madafa ta tura masara cikin garwashi, mu jikoki da yaran maƙota mu kewaye ta. Rufin yana ɗiga a kusurwa guda, an tara masa tsohuwar tukunya. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga kowa ya sami rabonsa na masara, don kada a katse ta da rigima. Sannan ta ce, "To, ga ta ta iso ƙofa." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

Akwai wadda ta fi yawan maimaitawa, ta Zabuwa da Kaza. Mu kuwa mun san kan zancen, don mu ake aika gona neman sheƙar zabuwa. In mun gano ta a cikin gero, ba a sa hannu, da ludayi mai dogon mariƙi ake ɗebo ƙwan, a bar mata uku. Iya ta ce in zabuwa ta ji warin hannun mutum ta bar wurin ke nan har abada. Ƙwan da muka kawo kuma kaza ake sa wa ta yi kwanci. Dabarar ita ce, na zabuwa sati huɗu yake yi, na kaza uku, saboda haka sai a fara sa na zabuwa, a riƙe wa kaza nata har mako guda. In aka haɗa su rana ɗaya, nata na ƙyanƙyashewa za ta tashi da 'yan tsakinta ta bar na zabuwa ya huce. Na taɓa yin wannan ɓarnar, na sha ranƙwashi har biyu.

A tatsuniyar, wai wata rana Zabuwa ta zo bakin akurkin Kaza da sassafe, ƙafafunta jiƙe da raɓa. Iya takan maƙe murya ta yi irin ta zabuwa, mu yi ta dariya. Zabuwa ta ce, "Ƙawata, bana ƙwai talatin na yi. Bara ma talatin na ƙyanƙyashe, uku suka kai kaka. Raɓa ta ci wasu, shirwa ta ci wasu, wasu ban ma san inda suka yi ba."

Kaza ta ce, "Ai laifinki ne. Tafiya kike fakam-fakam kamar ana binki. Ki riƙa waiwaye mana."

Zabuwa ta ce, "Na gwada. In na waiwayi na baya, na gaba su shige ciyawa."

Kaza ta yi tsaki, ta yi mita, amma ta karɓi bakwai. Ta kwanta a kansu har gashin ƙirjinta ya zube, sauran kaji suna wucewa suna cewa wannan kwancin ba ya ƙarewa ne? Suka fito su bakwai, ta hana su fita sai rana ta busar da raɓa, ta yi dambe da shirwa har ta rasa gashin wutsiya. Duk bakwai ɗin suka girma. Ranar da fukafukansu suka yi ƙwari, magariba na yi suka tashi fir suka haye tsamiya, yadda zabi suke kwana. Kaza ta tsaya a gindin bishiya tana ta kira, su kuma suna leƙo ta daga sama, ba su gane abin da ya hana ta hawowa ba. Da duhu ya yi ta koma akurki ita kaɗai. Iya ta karkaɗe zaninta ta ce, "Nan ta tsaya, ni ma na tsaya. Kowa ya tashi."

Sauran yara tausayin Kaza suke ji. Ni kuwa haushin Zabuwa ne yake cina. Na san wadda nake gani a jikinta. Umma takan zo Achika da sallah, goye da wani, riƙe da hannun wani, ta gaida kowa, ni ko kallona ba ta yi sosai. An ce min kunyar 'yar fari ce, ba ta faɗin sunana, ba ta wasa da ni a gaban mutane. To, yarinya 'yar shekara shida ina ruwanta da wata kunya? Abin da na sani shi ne, an ajiye ni an tafi.

Wani dare na yi ƙarfin hali na ce, "Iya, ita Zabuwar ba ta taɓa dawowa ta duba su ba?"

Ta juya masara a wuta. Can ta ce, "Ke 'Yar yaye, kin cika tambaya. Ina zan sani? Ni a gidan Kaza nake zaune."

A ranar na rantse a zuciyata, in Allah ya ba ni 'ya'ya, ko ɗari ne, ba mai raba ni da ko ɗaya.

Yau shekara ashirin da wani abu da rasuwar Iya, Allah ya jiƙanta. Ina koyarwa a firamare, maigidana yana aiki a birni sai ƙarshen mako yake zuwa. Ina tashi tun asuba, in dama koko, in yi wa uku wanka, in nemo takalmin da ya ɓata, in goya Hanifa in shiga aji da ita. Watan jiya ina can ina fama da zazzaɓin ɗana Sadiƙu, ashe babbar 'yata ta yi sati biyu tana ciwon kunne ban lura ba, sai da ya fara ruwa. Da na juya kanta, Hanifa ta ja butar shayi, Allah ya taƙaita a ƙafa ta tsaya. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce jinina ya yi ƙasa, in rage wahala. Na yi dariya kawai, don ban san wacce zan rage ba. Maganar da Iya ta sa a bakin Zabuwa, wadda muke wa dariya saboda muryar, yanzu ita nake yi kullum da ƙafafuna. Ban ce Zabuwa ta kyauta ba. Na dai daina ganin rashin so ne ya kai ta bakin akurki.

Ranar Juma'a Zinatu ta zo da sabon zanin goyo a jaka, ko ninkinsa ba a warware ba. Ta ce, "Yaya, in ranki bai so ba, wallahi ba komai." Tana faɗa idonta yana kan yarinyar. Na haɗa kayan Hanifa, na gaya mata ba ta son koko mai tsami, kuma sai an shafa bayanta take barci. Na ɗora mata ita a baya da hannuna. Ban raka su titi ba, na ce ƙafata tana ciwo.

Kwana biyu bayan nan nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, ko hannu ba na iya ɗagawa, ga zazzaɓi. Babbar 'yata ta je unguwar da Umma take zaune nan kusa da mu, ta kira ta. Umma ta zo tana dogara sanda, ta dafa ruwa, ta gasa min da tsumma, ta yagi tsohon zani ta ɗaure min ƙirji tamau. Har yau da furfurarta ba ta faɗin sunana.

Na ce, "Umma, kwana nawa yake yi kafin ya ƙafe?"

Ta ƙulle bakin zanin a bayana, inda ba na ganin fuskarta. Ta ce, "Na sauran, kwana huɗu, biyar." Ta ja numfashi. "Naki kuwa sai da ya yi sati uku yana zuba. Kullum da magariba."