Daɓen Ɗakin Inna

Ɗis. Ɗis. Ɗigon ruwa ne kawai yake sauka cikin tasa, amma daga nan komai ya faro. Wata Laraba ce cikin azumin 1975, bayan la'asar, damina tana sallama da garinmu Mairuwa da wani yayyafi marar ƙarfi. Ina tsugune a rumfa ina tankaɗen garin kunu, shekarata goma sha ɗaya, sai na lura sautin yana fitowa ne daga ɗakin nan na gidanmu da ba a buɗewa. Na ajiye rariya, na karkaɗe hannuna, na je na tura ƙyauren a hankali kamar ɓarauniya.

Ɗakin Inna ne, mahaifiyata, wanda aka kawo ta cikinsa tana amarya. Ni ce 'yarta ta fari. A bayana ta haifi uku, maza biyu da mace ɗaya, babu wanda ya kai yaye. Ranar da aka fita da na ukun ta ja ƙyauren, ta kwashi tabarmarta da akwatinta ta koma wani ɗan ɗaki kusa da madafa. Tun daga nan babu mai zancen wurin. Da na shiga, warin danshi ne ya fara tarbata. Daɓen ƙasa ya farfashe, gara ta yi hanyoyi a jikin bango, wata kaza ta sami kafa ta ƙarƙashin ƙyaure ta yi maƙwanci a bayan gado. Jeren Inna yana nan yadda ta bar shi, tasoshi bisa tasoshi, kwanonin sha da faya-fayai, duk yanar gizo ta lulluɓe su. A tsakiyar ɗakin kuwa, daidai inda azara take yoyo, ga babbar tasar da ake yi wa jarirai wanka. Ruwan cikinta bai kai rabi ba. Ashe akwai mai shigowa tana zubarwa.

A lokacin kowa a gidan ya san Inna tana da ciki, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. Goggo Hure, yayar Babanmu, mai sana'ar daddawa a bayan masallaci, ita ta warware mini dalili da na matsa mata. Ta ce matar da 'ya'yanta ba sa zama, mai wabi ke nan, ba ta yin shiri. Ba ta ɗinka riga, ba ta gyara ɗaki, ba ta nuna ɗoki. In ta haihu a naɗe jaririn cikin tsumma, a yi kamar ba a damu da shi ba, ko ya ji haushi ya zauna. A ɗan ɗakin nan na kusa da madafa Inna ta yi niyyar yin jegonta, inda hayaƙi yake kwana, inda ko miƙe ƙafa ba a yi sosai. Na saurari Goggo har ta gama. Amma a makarantar allo Malam ya karantar da mu cewa girmama baƙo yana cikin imani, kuma rai da ajali ba su hannun kowa sai Allah. A ƙaramin hankalina na haɗa biyun, na ga ba su zauna da tsumma ba. Na ƙudura a raina cewa wanda yake tafe ɗin nan, ko wane ne, sai ya iske ɗaki.

Matsalar ita ce ni da Inna ba ma magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari ce irin ta wancan zamani. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona cikin ido. In za ta aike ni sai ta dubi rijiya ta ce, “A ɗebo ruwa.” In ta ajiye mini ƙanzon tuwo, wanda ta san ina so, sai ta ce an manta da wani abu cikin tukunya. Saboda haka babu hanyar da zan roƙe ta. Sai na fara da Baba.

Shekarun nan kuɗi sun shigo ƙasa. Manyan motoci suna wucewa ta hanyar Funtua ɗauke da siminti, kwanon rufi yana ƙyalli a kan gidajen da jiya bunu ne, amaren unguwarmu suna shimfiɗa leda mai furanni suna hana yara shiga da ƙafa. Baba manomin auduga ne, mai ƙarancin magana. Da na ce masa soron Inna yana yoyo, sai ya ci gaba da wasa fartanyarsa ya ce, “Magina duk sun tahi Kaduna kwaɓa siminti. Wa za ya hau?” Na bari aka yi ƙaramar salla, ruwa ya ɗauke. Wata Asabar na haƙo jar ƙasa a bayan gida, na zuba ƙaiƙayi, na taka ta da ƙafafuna har ta yi danƙo, sannan na jawo tsani na jingina. Ina mataki na sama da kwanon taɓo a ka ya dawo daga gona. “Ke! Sauko nan! Ɗiya mace bisa soro, so kike a yi da ni cikin gari?” Na sauko. Ya tuɓe riga ya hau da kansa, yana faɗa, ni kuma ina miƙa masa taɓo. Bai sauko ba sai da aka kira magariba, kuma har indararo ya gyara, wanda ban roƙe shi ba. Yanzu da na girma na gane ya daɗe yana jiran wanda zai tilasta masa.

Saura daɓe, wanda shi ne uwar aikin. Ga wanda bai san shi ba, ƙasa mai tsakuwa ake bazawa a ɗaki, a yayyafa ruwa, a yi ta dukanta da wani icce mai faɗin baki da ake kira madaɓi, har ta haɗe ta yi sulɓi. Daga baya a riƙa shayar da ita ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, shi yake sa ta yi ja ta yi ƙarfi kamar dutse. Tsakuwar na riƙa ɗebowa a ka daga ramin da masu aikin hanya suka bari, kullum in an taso daga firamare. Makuba kuwa wurin Goggo na samu, na biya ta da wankin kalwa a bakin ruwa har yatsuna suka yi fari. Ranar da ta miƙo mini madaɓinta ta riƙe bakinsa ba ta saki ba, ta ce, “Daɓe gayya ne, ɗiyata. Kuma mai ɗaki ke kiran gayya. In uwarki ba ta kira ba, ko ni nan ba ni zuwa.” Na ce na ji. Ta saki.

Haka na fara ni kaɗai. Ƙawayena su zo ƙofar gida su kira ni gaɗa ko 'yar carafke, in ce ina zuwa, su gaji su tafi. Suka sa mini suna Sarkin Magina. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya koma kanta, har riƙon alƙalami ya gagare ni a aji. Wannan duk bai dame ni ba kamar abin da ƙasar take yi mini. Kafin in gama dukan gefen ƙofa, gefen gado ya bushe. In na koma can, nan ya tsattsage kamar gindin tafki da rani. In farfasa, in sake jiƙawa, in sake farawa. Madaɓi ɗaya ba shi da daɗin ji. Ƙwas, ƙwas, kamar mai neman a buɗe masa ƙofa a gidan da ba kowa.

Wata rana da yamma, ana tsakiyar ɗibar auduga, Goggo ta shigo gaisuwa ta iske Inna a rumfa tana kaɗi. Cikin ya fito sosai a lokacin. Ina cikin ɗaki ina duka, sai na ji Inna ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba. “Yaya Hure, a faɗa ma mai ƙwanƙwasar nan ta bari. Sau ukku ina gyara ɗakin nan, sau ukku ina wanke tasa in kife. Wa take yi ma shimfiɗa?” Na tsaya da madaɓi a sama. Ba ni da ikon amsa mata, don haka na fuskanci bango, na yi magana da Goggo. Na ce, “Goggo, ko kwana guda za ya yi, baƙonmu ne. Ba ni so ya koma ya ce bai iske wurin kwana ba.” Mazarin Inna ya daina juyawa. Goggo ta tafa hannu ta ce, “Oh ni Hure! Wannan ɗiya bakin kakanninta ta ɗauko.” Babu wanda ya yi dariya. Inna ta tattara audugarta ta shige ɗan ɗakinta ta saki labule. Na zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa na yi kuka mai isata, ina ganin na taɓa mata ciwon da ba a taɓawa. Amma da gari ya waye, kafin in tafi makaranta, na sake yayyafa wa ƙasar ruwa. Ban san yadda ake fasawa ba.

Ranar Alhamis na taso daga makaranta, ina zuwa daidai kukar da ke bakin unguwarmu na ji wani sauti da ya sa na tsaya cak. Rugugi ne kamar na ganguna, yana tashi yana sauka tare, ga guɗa tana ratsa shi. Na ruga da jakata tana dukan bayana. Tsakar gidanmu cike da takalma. A cikin ɗakin, matan unguwa ne durƙushe sahu-sahu, wasu da goyo, madaɓai suna sauka lokaci ɗaya, wata tana ba da waƙa sauran suna amsawa, suna zolayar mazansu da surukansu. Ga tukunyar ɗanwake tana tafasa a murhu. Goggo ta jawo ni ta raɗa mini cewa da hantsi Inna ta yafa mayafi ta bi gida-gida da ƙafarta tana kiran gayya. Na dubi Inna. Tana zaune a bakin ƙofa bisa kujera 'yar tsugunno, da ƙwaryar ruwan makuba a cinya, tana tsoma tsintsiya tana yayyafawa. Idanunta sun yi ja. Ba ta kalle ni ba. Ta dubi dokin ƙofa ta ce, “A ba mai ɗakin madaɓinta. Ta tsaya tana kallon mutane.”

Sauran aikin ya zo da sauƙi. Daɓen ya bushe ya yi ja yana ɗaukar ido, in ka taka sanyinsa ya ratsa ka har ka. Na jiƙa farar ƙasa na shafe bango da tsumma, na kaɗa bula na ja layi shuɗi daga ƙasa, wanda ya karkace a bayan gado don hannuna ya gaji. Muka sauke jere, na kai tasoshin bakin rijiya na goge su da toka, Inna tana daga zaune tana ce wa iska wacce ke hawa kan wacce. Da Baba ya kai audugarsa Funtua ya dawo da leda mai jajayen furanni a naɗe a bayan keke, yana ta fahariya. Da aka warware, ko gaban gado ba ta rufe ba. Goggo ta ce wannan ai sallaya ce ya sayo wa jariri. Abu ɗaya Inna ta kafe a kai. Kusurwar bayan ƙyaure ta ce a bar ta da jar ƙasarta, kada farar ƙasa ta taɓa ta. “Kada a ida,” in ji ta. Na bar mata. Na fahimci iyakar abin da zuciyarta za ta iya ɗauka ke nan.

Gab da bazara ta haifi mace a ɗakin. Aka yi mata wanka cikin babbar tasar nan. Ranar suna aka raɗa mata A'ishatu, amma Inna ta kira ta Barmani, roƙo ne take yi ga Mai kowa a duk lokacin da ta ambaci sunan. Ban taɓa cewa daɓena ne ya rayar da ita ba, astagfirullah. Allah ne ya nufa. A shekarun nan ne kuma masu allurar rigakafi suka fara zuwa garinmu, kuma da na shiga sakandare na karanta abin da danshi da hayaƙi suke yi wa ƙirjin jariri. Abin da na sani dai shi ne, Inna ta goyi wannan yarinya a fili, ta yi mata kitso, ta yi mata wasa a gaban mutane.

Yanzu Barmani tana da jikoki. Kwanan baya matar ɗana ta nuna mini a wayarta yadda za a gyara ɗakin jaririn da suke jira, fenti ruwan hoda, ɗan gado mai raga, labule mai taurari. Ma'aikata suka zo suka gama cikin yini, babu waƙa, babu ɗanwake, babu maƙwabciyar da ta sani. Ya yi kyau ƙwarai, na sa albarka. Gidanmu na Mairuwa kuwa an daɗe da zuba masa siminti, hanyar ma yanzu sai da addu'a ake binta. Ban ji sautin madaɓi ba shekaru da yawa, ina jin 'ya'yana ba za su gane shi ba ko sun gani.

Amma in na rufe ido ina ganin wata rana da azahar, Barmani tana da shekara huɗu, mun kwanta rub da ciki a kan daɓen nan muna shan sanyinsa. Ta tambaye ni wa ya yi shi. Na ba ta labarin yadda na yi ta duka ni kaɗai tun tana ciki, ban ma san ko za ta zo ba. Ta manna kunnenta a ƙasa tana saurare, sannan ta ɗago ta dube ni kamar na faɗi abin da kowa ya sani.

“Ai ina jin ki, Yaya. Ke kika yi ta ƙwanƙwasawa, shi ya sa na zo.”