Sarapen da Doña Herminia Ta Ajiye Mini

A takardar ɗaukar aiki, Doña Herminia Zepeda ba kowa ba ce. Amsa waya, riƙe makulli, da rubuta sunan duk wanda ya shigo zauren ɗalibai 'yan asalin Latin Amurka a jami'armu, nan tsakiyar Kaliforniya. Shi ke nan aikinta. Amma je ka tambayi waɗanda suka bi ta zauren nan cikin shekara ashirin da shida, ka ji sunan da za su fara ambata.

Iyakar karatunta aji huɗu na firamare, a ƙauyensu can Michoacán. Tana da shekara sha shida ta tsallako iyaka zuwa ƙasar nan, ta yanki inabi har hannayenta suka yi kanta. Daga nan ta yi ɗinki a masana'antar riguna, sannan ta samu shara a jami'a. Mijinta ya tafi Alaska aikin kifi, bai ƙara waiwayo ba. In aka tambaye ta sai ta ce, "Kifi ya aure shi, Allah ya ba su zaman lafiya." Ba ta haihu ba. Teburin zauren kuwa ta same shi ne don an lura cewa duk yarinyar da ta shiga bayi ta yi kuka bayan jarrabawa, da mai shara ake ganinta ta fito, tana share hanci tana dariya.

Ni ranar da na fara shiga, a shekarar 2008, neman wurin zama kawai nake yi in ci abincina inda ba za a kalli ƙunshin tortilla, wato wainar masara, da wake da mahaifiyata ta yi mini ba. Sai na ji murya daga bayan tebur.

"Ke mai jar jaka, zo nan. Yaya sunanki?"

"Araceli Barajas."

"Barajas kawai? Daga bishiya kika faɗo? Uwarki ba ta da suna?"

"Barajas Cuevas, Doña."

"Yauwa. Ita ta sha naƙuda, ba za a bar ta a waje ba."

Ta ƙirga shekara huɗu a yatsunta, ta rubuta a bayan ambulan, ta ce in dawo ran Juma'a. Da na dawo sai ta buɗe kabad ɗin da ke bayanta, ta zaro sarape, irin dogon ƙyallen nan mai ratsin ja da kore da shuɗi da muke ratayawa a wuya ranar bikin yaye ɗalibai. A gefe ɗaya ga sunana cikakke da farin zare, ɗinkin hannu. A ɗaya gefen, 2012. Na miƙa hannu zan taɓa, ta make ni.

"Kul! Da ido ake gani. Na riga na ɗinka, 'yata, saura naki aikin. Kada ki sa in yi asarar zare."

Haka take yi wa kowa. A wasu wurare sai mutum ya gama ake saya masa sarape a kanti. Ita a makon farko take ɗinkawa, ta ninke ta jera a kabad, ta kulle. Zare da allurai suna cikin wani tsohon gwangwanin biskit, kuma duk sabon ɗalibi sai ya buɗe shi da murna ya ji kunya.

Rigoberto Anguiano, mai ba mu shawara kan darussa, ofishinsa na kallon teburinta, kullum suna cikin faɗa a kan wannan.

"Doña, cikin goman nan da kika ɗinka, uku ba za su kai ba. Ba ni na faɗa ba, lissafi ne."

"Ji mai digiri biyu! Rigo, riƙe lissafinka, in riƙe allurata. Ka ma ci abinci kuwa? Dubi wuyanka kamar na zakaran da aka fige."

Sai ya karɓi tamale, wato alalar masara, da ta miƙa masa, ya koma ofis yana gunaguni.

Ba ta iya karanta littattafanmu ba, amma ta san ranar jarrabawar kowa. Da na faɗi kimiyyar sinadarai a zangon farko, na ɓuya kwana biyar. Ta same ni a ɗakin karatu, ta kama hannun rigata, a gaban mutane fa, ta ja ni har wurin masu koyar da darasin ƙari. Ta ce wa saurayin da ke wurin, "Ga ta nan. Tana da kai, taurinsa ne ya yi yawa." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ci darasin a zango na biyu.

Ina shekara ta uku mahaifina, Don Refugio, ya faɗo daga tsani a gonar lemu, ƙugunsa ya karye. Ni ce babba, ƙannena uku suna makaranta. Na haɗa kayana na koma gida da niyyar wata ɗaya, ban yi wa kowa sallama ba. Wata ɗaya ya zama zango, ni kuma ina tsaye a rumfar zaɓen lemu daga safe har yamma, ina ware masu tabo. Doña Herminia ta kira sau uku ban ɗaga ba. A na huɗu na ɗaga, ina cikin hutun rabin sa'a, ƙafafuna sun kumbura, raina a ɓace.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta tambayi jikin mahaifina, sannan ta ce, "Ki kula da shi, 'yata. Naki yana nan a kabad, ba inda za shi."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ce, "Doña, don Allah ki ƙyale ni da maganar tsumman nan! Tsumma zai ciyar da mu? Ki warware sunana ki ba wata."

Ina jin hayaniyar ɗalibai a bayanta. Sai ta ce, "To," ta ajiye waya.

Tsumma. Ni, Araceli, na kira shi tsumma, ga matar da ta ciyar da ni shekara biyu da rabi. Har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Bayan shekara huɗu na samu aikin tuƙa bas ɗin cikin jami'a. Dubi ikon Allah, duk hanyoyin da ke akwai sai aka ba ni wadda ke bi ta ƙofar zauren, sau goma sha ɗaya a rana. Na sayi hula mai baki da baƙin tabarau, wai ni mai wayo. Ta taga ina hango ta a teburinta, kai a sunkuye, hannu yana kai da komo. Na ce a raina ai tuni ta warware nawa, wata tana can ta rataya shi ta ɗauki hoto da iyayenta. Daidai ne, ni na ce a yi.

Sau ɗaya Doña Herminia ta hau bas ɗina. Ana yayyafi ranar. Ta zauna a kujerar da ke bayana, ina jin ƙamshin man da take shafa wa gwiwa. Na ƙanƙame sitiyari, ban juya ba. Tasha biyu muka yi tare. Da za ta sauka ta ce, "Sannu da aiki, direba. Hular ta yi miki kyau." Da na duba kujerar, ga ƙunshin tamale shida, da zafinsu. Na faka a bayan filin wasa na ci ina kuka kamar wata sakarya.

Ranar ce na yi wa kaina alkawarin da ya cuce ni. A gidanmu ba a zuwa wurin babba hannu rabbana, balle wanda ka yi wa laifi. Na ce ba zan taka zauren nan ba sai da takardar komawa karatu a hannuna, in ajiye mata a tebur, sannan in nemi gafara. Kyakkyawan alkawari, ko ba haka ba? Sai na yi aure. Sai na haihu. Sai mahaifina ya rasu. Sai auren ya mutu. Kowace shekara da dalilinta, kuma duk dalilan gaskiya ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ita ma ba ta ƙara kira ba. Na ce ta ƙyale ni, ta ƙyale ni.

A ƙarshen 2022 Rigo ya tare ni a tasha. Ya yi furfura, wuyan dai yana nan yadda yake.

"Cheli, cire tabaran nan, kowa ya san ke ce. Ciwon suga ya cinye idanun Doña. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ta koma wurin ƙanwarta. Ki je ki gaishe ta."

"Zan je, Don Rigo."

"Yaushe?"

"In na shirya."

"Shirin me? Biki za ki?"

Na rufe ƙofar bas na ja. Amma maganar ta shige ni. A watan Janairu na yi rajista, darasi ɗaya tak, na yamma. Aka ba ni takarda, na ninke na sa a jaka. Gidan ƙanwarta tafiyar minti ashirin ne. To me ya hana ni? Wani sabon wayo ne ya zo mini: in bari in ci jarrabawar farko tukuna, kada in je in yi mata alkawari in sake faɗuwa. Kwana arba'in takardar nan tana cikin jakata, tare da makullin bas da cingam.

Ranar Talata na rubuta jarrabawar. Ranar Alhamis da safe Rigo ya kira ni ya ce Doña Herminia ta rasu a asibiti, zuciyarta ce ta tsaya.

Ranar jana'izarta cocin bai ɗauke mu ba. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, lauyoyi biyu, wani mai gyaran haƙori da ya taso tun daga Chicago, kowa da sarapensa a wuya, ba wanda ya ce a zo da su. Na tsaya can baya kusa da ƙofa da wuyana haka nan. Aka yi kwana tara ana addu'a a gidan ƙanwarta, na je duka taran, ina wanke kofuna don kada in zauna a falo. A rana ta ƙarshe Rigo ya same ni a kicin, ya miƙo mini wata jakar leda.

"Wannan naki ne. A gefen gadonta aka same shi."

Na buɗe. Araceli Barajas Cuevas, farin zaren ya ɗan yi ja-ja don tsufa, amma ko harafi ɗaya ba a taɓa ba. Na juya ɗaya gefen. Akwai 20, bayansa babu komai. Wurin lambobi biyun ƙarshe ya sule, ya yi shara-shara, duk hudar allura, har ina ganin tafin hannuna ta ciki. Ga allura a soke a gefe, da zare a jikinta.

Na ce, "Me ya sami wurin nan?"

Rigo ya ja kujera ya zauna. Ya ce kowace shekara, washegarin bikin yaye ɗalibai, takan fito da waɗanda suka rage a kabad, ta warware shekarar ta ƙara ɗaya. Guda talatin da bakwai ne. Da idanun suka fara tafiya, shi yake zura mata zare, ita ta ɗinka da lalube.

"Ni da na ce mata uku cikin goma, ni na koma mai zura zare," in ji shi. Ya yi 'yar dariya, ya goge ido da bayan hannu. "Kowace shekara sai ta tambaye ni, 'Cheli ta dawo?' In ce a'a, Doña. Bana ta kira ni a waya ta tambaya. Na ga sunanki a kwamfuta, amma ba ni da izinin faɗin sirrin ɗalibi. Sai na ce mata, Doña, doka ta hana ni magana."

"Sai ta ce me?"

"Ta yi ihu har sai da na janye wayar daga kunnena. Ta ce, 'Mai digiri biyu, yau ka yi magana mai daɗi! Kawo mini nata gida.' Na kai mata. Ta warware shekarar a gabana, na zura mata zare. Na ce wace shekara za a sa? Ta ce, 'Wannan karon ba zan yi ƙirga da yatsu ba. Tana nan tafe, ita za ta faɗa mini da bakinta.'"

Ƙanwarta ta ce mini tun daga ranar, kullum da hantsi sai ta sa a zaunar da ita kusa da taga, sarapen a cinyarta. In ta ji ƙarar babbar mota a layi sai ta gyara gashinta.

Na zaro takardar daga jakata, ta yi laushi don ninki. Na riƙe ta a kicin ɗin nan, ba wanda zan ba.

Na ci jarrabawar, in akwai mai son sani. Yanzu saura mini darasi biyar. Rigo ya ce in kai sarapen wurin mai ɗinki in lokaci ya yi, ƙanwarta ma ta ce za ta ƙarasa mini. Na ce a'a. Haka zan rataya shi, da 20 da hudojinsa, duk wanda ya tambaya in gaya masa abin da na yi. Allurar ma ban cire ba, tana nan inda ta soke ta.