Kawu Bulus da Launin Hayaƙi

Duk wanda ya taɓa kawo wa Kawu Bulus ƙarar mota ya san ba ta gaba yake farawa ba. Kana nuna masa bonet, shi kuwa sai ya zagaya baya, ya tsuguna gindin salansa, ya zaro farin hankici ya ce a taka totur. Ya kara hankicin a bakin bututun, ya ɗaga ya duba, ya shinshina, sannan ya buɗe baki. In hayaƙin baƙi ne, injin bai samun iska. In fari ne, a binciki mai. In shuɗi ne, baƙin mai ke ƙonewa. Matarsa, Mama Saraya, ta yi shekaru tana wankin hankicin nan tana mita, da ta gaji ta daina saya masa, sai ya koma yanka mata zanin gado. Ranar bikin babbar 'yarsu an neme shi a coci an rasa, ashe yana waje cikin kwat, tsugune bayan motar amarya.

Ni Ayuba ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na Kakuri na girma, kuma ko bayan na zama malamin makaranta na yi aure, ni yake kira in tafiya ta taso. Shi ba bakanike ba ne. Mai gyaran injinan saƙa ne a masaƙa, a can ya ƙare ƙuruciyarsa. Motarsa kuwa tsohuwar wagon ce, mai dogon baya, mai shan gas, wadda ya saya hannun wani injiniya da zai koma ƙasarsu. Tana da tobo, abin nan mai kamar dodon koɗi da ke cusa wa injin iska, kuma Kawu yana alfahari da tobon nan fiye da yadda yake yi da mu.

Da aka rufe masaƙa, abokan aikinsa suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan hawan jini, wancan shanyewar jiki, wani kawai a wayi gari bai tashi ba. Yawancinsu 'yan ƙauyukan kudu ne, wasu Filato, wasu Binuwai, kowa yana so a kai shi gida a binne, motar asibiti kuma ta fi ƙarfin iyalansu. Kawu bai yi shawara da kowa ba. Wata Asabar ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katako biyu, ya aika wa dattawan coci cewa in an yi rashi a faɗa masa, mai kawai za a zuba.

Tun daga nan unguwa ta daina roƙonsa ya rage mata hanya. In aka ga motar a ƙofar wani gida da safe, ba a tambaya. Akwai ranar da ya je gaishe da abokinsa Baba Markus a Mahuta, ya ajiye motar a ƙofa ya shiga. Kafin a kawo masa ruwa, matan maƙwabta sun cika tsakar gida da kuka. Baba Markus ya fito daga wanka da tawul a wuya ya tarar ana makokinsa. Ya raka Kawu har bakin mota, ya riƙe masa hannu ya ce, “Bulus, don Allah in za ka zo, ka zo a ƙafa. In lokacin ya yi za a aiko maka.” Bayan shekara biyu kuwa aka aiko.

Kawu yana da doka guda in mota ta rasa ƙarfi: a fara da iska, sai mai, sai tiyo, tobo ne na ƙarshe. Ya ce bakanikai suna saurin cewa tobo ne don shi ya fi tsada, kuma wanda ya fara bincike daga abu mai tsada ba gyara ya zo yi ba.

Na ga dokar nan ta yi aiki ranar da muka ɗauki Baba Luka, wanda suka yi shekaru suna aikin dare da rana a sashe ɗaya. Lokacin zafi ne, kuma an ɓata mana lokaci a ɗakin ajiye gawa, sai kusan sha ɗaya muka tashi. Ni da matar marigayin, Mama Ladi, muka matsu a gaba, ƙaninsa yana biye da mu a babur. Mun yi nisa a hanyar Kaciya, muna hawa wani tudu, sai motar ta fara ja da ƙyar. Kawu ya sauko giya, ya sake saukowa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, ga wani huci daga gaba duk lokacin da ya taka. Da ƙyar muka kai kan tudun muka tsaya.

Babu inuwa ko kaɗan. Kowa ya san abin da rana ke yi wa wanda ke bayan motar, amma babu mai faɗa. Ƙanin marigayin ya shiga zagaye yana duba agogo, yana cewa an riga an haƙa kabari, fasto yana jira. Kawu bai kula shi ba. Ya je baya da hankicinsa, ya dawo ya cire matatar iska ya ɗaga wa rana, ya mayar. Ya duba matatar mai, ya mayar. Ana cikin haka wani direban tifa ya tsaya, ya leƙa, ya girgiza kai ya ce ai tobo ya mutu, gara a nemi wata motar.

Kawu ya ɗago ya dube shi. “Gawa ɗaya na ɗauko, malam. Kada ka ƙara min.”

Ya sa ni na tayar da injin na taka, shi kuma yana bin ƙaton tiyon da ya fito daga tobo da tafin hannu, a hankali, kamar mai neman ƙaya. Can ƙasa, inda ido ba ya gani, ya ji iska na busowa. Tiyon ya tsage kusan tsawon ɗan yatsa, duk iskar da tobo ke turawa waje take fita. Ya yanko roba daga tsohon tub ɗin taya ya naɗe wurin, sai dai babu wayar ɗaurewa. Ya duba akwatin kayan aiki, ya duba ƙarƙashin kujera, a ƙarshe idonsa ya tsaya kan furen da matan zumuntar coci suka ɗora wa akwatin gawa, wanda aka ɗaure da waya. Ya tsaya yana kallon Mama Ladi. Ita kuwa ta ce, “Ɗauka, Baba. Luka bai taɓa son fure ba.”

Muka isa ana shirin watsewa. Kafin a sauke akwatin, Kawu ya buga murfin da yatsa ya gaya wa Luka cewa ko a masaƙa shi ne mai zuwa latti, yau ma bai ba da kunya ba. Mama Ladi ta yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace mata, na farko da na ga ta yi a ranar.

Lalacewa ta biyu laifina ce, kuma bai bari na manta ba. Al'adarsa, duk man da za a zuba wa motar sai ya tsiyaya kaɗan a kwalba ya bar shi ya kwanta, ya ga ko ruwa zai taru a ƙasa. Ranar da za mu kai wani dattijo Filato, ya aike ni gidan mai da jarka. Na tarar da layi har titi, sai na wuce wajen Rido na saya hannun masu sayarwa a bakin hanya, na dawo na zuba kafin ya fito da kwalbarsa. Ya tambaye ni, na ce daga gidan mai ne.

A tsakiyar wani daji da kowa ya san ana ɗauke mutane a cikinsa, bayan la'asar, injin ya fara rawa yana shaƙewa. Ƙarfi ya tafi, motar ta yi tari biyu ta mutu. Kawu ya sa aka sake tayarwa, ya kara hankici, hayaƙin fari. Ya ninke hankicin ya sa a aljihu, ya zo ta tagar da nake ya ce, “Ayuba, a ina ka sayi man?” Wannan karon na faɗi gaskiya. Bai zage ni ba. Ya kwance ƙasan matatar mai ya tara kwalba, abin da ya fito rabi ruwa ne. Ya miƙo min siririn tiyo ya ce in zura har gindin tanki, inda ruwa ke kwanciya, in zuƙa da baki.

Ina durƙushe ina tofar da mai, sai muka ji babura. Uku ne, kowanne da mutum biyu, fuskokinsu a naɗe. Suka tsaya suka kashe injin. Ɗan marigayin da ke tare da mu, wanda ya kai shekara arba'in, ya fara addu'a a fili. Ɗaya daga cikin masu baburan ya sauko ya zagaya motar, ya leƙa baya, ya tambayi me muka ɗauko. Kawu yana sunkuye yana danna ɗan famfon da ke turo mai, yana sassauta bututun nozul, mai fesa wa injin mai, don iska ta fita, bai ko ɗago ba. Ya ce, “Wanda ke ciki ya gama. Mu ukun nan kuma, in ka kira gidajenmu, su ma taimako za su roƙe ka.”

Mutumin ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya ce Allah ya ji ƙansa, ya hau babur suka wuce. Har yau ban san ko su waye ba. Injin ya tashi a bugu na huɗu, Kawu ya tuƙa har muka fita dajin. Kwalbar ruwan nan kuwa ya kawo ta gida ya ajiye kan kabad, duk baƙon da ya zo sai ya tambaye shi ko zai ɗanɗana shayin Ayuba.

Mama Saraya ta sha cewa ita dai kada a sa ta a motar nan, ta wanke isasshen hayaƙinta. Shi kuma ya ce mata ai ita za ta zauna gaba ranar da za a kai shi. Ba haka aka yi ba. Ta kwanta sati uku, ta rasu a asibiti da safiyar wata Talata. 'Ya'yanta suka ce za su ɗauko motar asibiti, ya ce a'a. Ya wanke wagon ɗin da kansa ciki da waje, ya canza matatar mai da ta iska duk da ba su tsufa ba, ya shimfiɗa sabon zani kan katakon. Na ce bari in tuƙa, ya ce ba a haife ni ba lokacin da ya ɗauko ta tana amarya daga ƙauyensu, shi zai mayar da ita.

Tafiyar ta yi kyau, injin bai ko yi tari ba. Sai da muka bar kwalta, muka fara hawa tudun ƙarshe wanda daga kansa ake hango rufin cocin ƙauye, motar ta fara rage gudu. Ta yi ta ragewa har ta tsaya. Motocin da ke biye da mu suka tsaya su ma. Na jira ya fita ya zagaya baya kamar kullum, bai motsa ba. Hannayensa biyu na kan sitiyari.

Sai na fita ni. Na duba salansa, hayaƙin babu launi. Na buɗe bonet na bi dokarsa ɗaya bayan ɗaya: iska lafiya, mai lafiya, na bi tiyo da tafin hannu ban ji komai ba. Na ja wayar totur da hannu, injin ya amsa da ƙarfi, tobo ya yi fitonsa. Na rufe bonet na zo ta tagarsa na ce masa ban ga komai ba, ko ya zo ya duba da kansa.

Yana kallon gaba ya ce, “Babu abin da ya sami motar. Ƙafata ce ta ƙi takawa.”

Daga inda muke ana jin matan ƙauye suna waƙa, suna jiranmu. Na koma na gaya wa na baya su yi haƙuri, ana ɗan gyara. Muka zauna ni da shi kusan rabin awa, injin yana aiki. Can ya buɗe ƙofa, ya zagaya ya shiga baya ya zauna kusa da akwatin, ya ɗora hannu a kai. Ni na ƙarasa da mu.

Bai sake riƙe sitiyari ba. In an yi rashi a unguwa, sai ya miƙo min makulli ya zauna bakin ƙofa har in dawo, ya tambaye ni yadda hanya take da ko an samu mutane a wajen jana'iza. Damina biyu ya yi a haka. Ya rasu a kujerarsa bayan cin abincin rana, aka binne shi kusa da ita.

Ubangiji, kai ka san yawan waɗanda bawanka Bulus ya kai gida lokacin da babu mai kai su. Ka gafarta masa taurin kansa da kaifin bakinsa, ka ba shi hutawa tare da Saraya. Mu da muka rage, ka ba mu wanda zai tsaya mana a ranarmu. Amin.