Ranar Da Na Sayar Da Tulu Da Haƙorana A Ciki

Ko na manta komai na zamana a Abuja, ba zan manta ranar da haƙorana suka kusa tafiya Jos ba tare da ni ba. A lokacin ina sayar da tukwanen ƙasa a Jabi, ina saro su daga Ushafa. Faɗuwa na yi a kan acaba, haƙoran gaba uku suka zube, likita ya yi mini na roba masu ɗan ƙarfe da ke kama na gefe. Na ɓoye wa kowa, don ni mutum ne mai son a ce cikakken dattijo ne.

Makonnin farko na sha wuya. Suna matse mini dasashi, yawu ya cika baki, in na ce "sannu" sai ka ji kamar fito. Likita ya ce in na cire su in ajiye a ruwa. To da rana in sun dame ni, sai in juya baya in zare su, in jefa cikin wani ɗan tulu mai ruwa a ƙarshen layin tukwanena.

Ran nan kuwa da la'asar ni ne zan yi magana a wajen neman auren ɗan ƙanena. Na cire su don bakina ya huta, na tafi sallar azahar, na bar wa maƙwabcina rumfar. Ina dawowa ya tare ni da fara'a: "Alhaji, na yi maka ciniki! Wata madam ta ɗauki ƙaramin nan. Ta ga ruwa a ciki, ta ce an riga an gwada shi, ba ya yoyo." Haka ake gwada sabon tulu, ba laifinta. Na tambaye shi inda ta nufa, ya ce tashar motar Jos. Yaya zan nemi 'yar mutane da wawulo?

Na toshe baki da hannun riga na ruga tasha. Na same ta a motar Jos, fasinja ɗaya ake jira, ta rungume tulun a cinya.

"Madam, don Allah tulun nan."

"Oga, na saya fa. Ba ni komar da shi."

"Akwai kayana a ciki."

"Wane kaya? Ruwa ne, na ma sha kaɗan."

Fasinjan ƙarshe ya shiga, direba ya ta da mota. Ba yadda zan yi, na sauke hannu, na buɗe baki a gaban mutum goma sha. Ta dube ni, ta leƙa tulun, ta kurma ihu: "Jesus! Yana mini dariya a ciki!" Motar ta kaure da dariya, har kwandasta ya zauna a ƙasa. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ita ce ta fara tausaya mini, ta tsamo su da yatsu biyu ta ce, "Baba, sa abinka, mamana ma tana da shi."

Na ɗauraye su da fiya wata, na maƙala a gabansu, na wuce neman aure, aka kuma ba mu yarinya. Washegari na sayi ƙaramar roba mai murfi na ajiye a kan tebur, kowa na gani. Abin da na koya shi ne haƙoran roba ba abin kunya ba ne. Ɓoyon da na yi ne ya sa na buɗe wawulona ga tasha guda, alhali da maƙwabci ɗaya na gaya wa, da ya isa.