Jan Wake Biyu

Shekara ashirin da uku Malama Wake ta yi tana koyar da kimiyyar gado a ajin ƙarshe na baranda, mai fanka da ke kukan tsufa. Sunan ya samo asali ne daga jakunkunan yadi biyu da take zuwa da su aji, kowace cike da wake, fari da ja. Maigidanta kan ce ita kaɗai ya sani da wakenta ya kusa ritaya bai taɓa ganin tukunya ba.

Da waken take koyar da yadda ake gadon sikila. Jaka ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Ɗaliba za ta rufe ido ta lalubo ƙwaya ɗaya daga kowace. Fari biyu, lafiya lau. Fari da ja, mai ɗauke da ƙwayar ce amma ba ta ciwo. Ja biyu kuwa sikila ke nan, sai Malama ta karɓa ta jefa a wani tsohon gwangwanin madara, ya yi ƙara, ta ce wannan shi ake gudu, don haka a yi gwajin jini tun da wuri.

A shekarar nan akwai wata sabuwar ɗaliba, 'yar tela, siririya, 'yan aji suna ce mata Allura. Da layi ya zo kanta ta lalubo ja biyu. Aka yi dariya, wata daga baya ta ce a kawo gwangwani, an samu asara. Allura ba ta miƙa waken ba. Ta dunƙule hannu ta koma kujerarta, Malama kuma ta ɗauka kunya ce, ta kira ta gaba.

Kwana uku kujerar babu kowa. A na huɗu, da aka tashi, Malama ta nemi shagon mahaifin, ta same shi a bakin keken ɗinki, tef a wuya. Ya share mata benci da ƙyalle, suka gaisa, sannan ya gaya mata abin da ba ta sani ba: yarinyar sikila gare ta tun haihuwa, ita ta roƙe shi kada a faɗa a sabuwar makaranta. Ba ciwon ne ya tashi ba wannan karon. Ran nan da ta dawo, ta tsaya a nan inda Malama ke zaune, ta tambaye shi, da a ce shi da mamanta sun yi gwaji, ai da ba a haife ta ba ko?

"Ni ban yi karatu ba, Malama," in ji shi. "Na ce mata ko yau aka ba ni jakar, ita zan sake lalubowa. Ta ce ai Malama ta ce ita ake gudu."

Malama ta rasa inda za ta sa idonta. Shekara ashirin da uku tana jefa wake a gwangwani, ba ta taɓa tunanin cewa wani waken yana zaune a gabanta da littafi a buɗe ba. Labulen bayan shagon ya ɗan motsa, ta hango ƙafa cikin silifas.

"'Yata, na san kina ji," ta ce. "Lissafin da na koya muku daidai ne, ɗaya cikin huɗu. Gwangwanin ne kuskure, kuma nawa ne. Ciwon ake gudu, ba mai ciwon ba."

Can muryar yarinyar ta fito daga bayan labule, tana tambaya ko ke nan a daina gwajin. Malama ta ce a'a, a yi, don mutum ya san abin da zai ɗauka kafin ya ɗauka, amma gwajin ba ya auna darajar wanda ya riga ya zo. Ta kuma yi alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba, maganar jininta tata ce, ita ke da ikon faɗa ko rufewa. Telan ya ce to shi ma a sa shi a ajin, in ana karɓar masu furfura. Aka ji wata 'yar dariya a bayan labulen.

Tun daga lokacin darasin ya canza. Wadda ta ciro ja biyu takan riƙe su a tafin hannu, a ajiye alli, a yi magana: wa ya kamata ya san sakamakon gwajin mutum, me za ka ce wa ƙawarka in nata ya fito haka, mai ɗaukar aiki yana da hurumin tambaya? Gwangwanin ya koma gida, maigidan yana zuba ƙusoshi.

Amma ranar Litinin ɗin farko bayan ziyarar, tun kafin a buga ƙararrawa, Allura ta shigo ta ajiye sababbin jakunkuna biyu a kan tebur, ɗinkin babanta, har da zaren da ake ja a rufe bakinsu. Sannan ta buɗe hannu.

"Malama, ga wakenki. A ina zan sa?"

Malama ta buɗe mata bakin jakunkunan. Yarinyar ta sa ɗaya nan, ɗaya can, cikin 'yan'uwansu, ta je ta zauna.