Injin da Ke Dawo da Idwal

Duk wanda ya girma a garinmu ya san muryar Nesta Probert. In ta gaishe ka a ƙofar kanti, masu tumaki a can ƙarshen kasuwa sai sun amsa. Ba rashin kunya ba ne, kunne ne ya tafi. Tun tana budurwa ta shiga masaƙar ulu ta bakin kogi, zamanin da injuna suka cika zauren, ko tsawa aka yi ba mai ji. Dole ta sa ma'aikata suka koyi magana da leɓe: ka buɗe baki sosai, ka furta ba murya, na can nesa ya karanta. Gulma, zagi, har neman aure, duk ta haka ake yi. Ta haka Idwal mai gyaran injuna ya neme ta, ta haka kuma suka yi ta faɗansu a gida, shi ya sa maƙwabta ke rantsuwa ba su taɓa saɓawa ba.

Masaƙa ta rufe, kamar yadda ramin haƙar dalma na kan tudu ya rufe. Da aka kwana biyu aka yi mata fenti, aka jera teburan shayi a inda ake wanke ulu, wai ta zama gidan tarihi. Baƙi su zo da bazara, su leƙa kangon fadar da ke bayan gari, su sayi bargon da aka saƙa a wata ƙasa, su tafi. Inji ɗaya aka bari da rai, Nesta ke tayar da shi ranar kasuwa. Ta yi musu bayani da ihu, su toshe kunne, su ɗauke ta hoto kamar ita ma kayan tarihin ce. Ko a jikinta.

Ana nan ciwon mantuwa ya kama Idwal. Ya fara da makulli, ya koma sunayen jikoki, daga baya magana ta ɗauke ɗungurungum. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙorafin gishiri a miyar rago, yanzu sai ta ajiye masa ya shanye shiru. Wannan shirun ya ci wa Nesta rai ƙwarai, ta rame, har ihun nata ya ragu.

Wata ranar kasuwa ta rasa mai zama da shi, ta tura shi a keken marasa lafiya zuwa masaƙa, ta ajiye shi can gefe. Ta tayar da inji, ƙoshiyar saƙa ta fara kai-komo, katakon benen da suke kai ya ɗauki rawa. Ɗaga kan da za ta yi, sai ga leɓen Idwal na motsi. Wai zarenta na hagu ya yi sako-sako, kuma tun yaushe yake gaya mata. Zare lafiyarsa ƙalau, amma wa ke ta zare? Ta mayar masa da leɓe cewa ya ji da aikinsa, tsohon banza. Ya yi dariya. Baƙi na ta kallon bargo, ita kuwa hawaye har kan ulu.

Tun daga nan ba ta fasa kai shi ba. Muddin inji na kuka, Idwal na nan: ya tambayi abin da za a ci, ya yi gulmar shugaban ma'aikatan da ya daɗe a kabari. Ana kashewa sai ya koma inda ya fito. Abin da take samu na mijinta ke nan duk mako, ɗan lokacin da bai kai shan kofin shayi ba, kuma da shi take rayuwa.

Gethin mai kula da gidan ba mugu ba ne, jikan ƙawarta ne ma. Masu duba gini ne suka ce girgizar ta tsaga katakon da ke riƙe da benen, a daina tayar da inji, a sa wa baƙi ƙararsa a lasifika. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iya faɗa mata.

"Gwaggo, in ya rufta da mutane fa?"

"To ya rufta da ni mana, wa ya riƙe shi?"

Matar da ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba, ranar ta roƙi yaron nan har ya rasa inda zai sa idonsa. Suka gwada lasifikar, Idwal ko gezau. Ashe ba ƙarar kaɗai yake ji ba, har da rawar da ke shiga ta tafin ƙafa. A ƙarshe Gethin ya ce ta zo ranar da ba baƙi, sau ɗaya, shi zai tsaya a ƙofa ya ce bai ga komai ba.

Ta goge masa rigarsa ta zuwa coci, ta taje masa kai. Da inji ya tashi, Idwal ya daɗe yana kallonta, sannan leɓensa ya motsa.

"Yarinya, kin tsufa. Yaushe aka yi haka?"

"Kai ka tsufar da ni."

"To zo nan kusa. Na gaji da hango ki."

Tun tana budurwa aka hore ta ba a barin inji yana gudu, amma ta bari. Tana tsakiyar zauren tsohuwar ɗamarar fatar da ke juya injin ta tsinke, ƙoshiya ta tsaya cak. Mai gyaran irinta a duk garin shi ne zaune a keke.

Ta ƙarasa, ta durƙusa, ta kama hannunsa. Bai janye ba, sai dai yana ta leƙa bayanta, wajen injin, yana neman matar da ke tsaye can ɗazu. Nesta ta gyara masa bargo a gwiwa.

"Yanzu za ta dawo," ta ce masa.

Ta juya keken, ta tura shi gida ta cikin kasuwa.